Gunki Ko Alama? Bayani A Kan Gicciye Da Surori A Majami'un Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara. A cikinta akwai Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, mafi yawan mutanenta kuwa su ne Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, tare da Fakkawa da Dukawa da Kambari da sauransu. Abin da ya bambanta ta da yawancin ƙasashen Arewa shi ne, a cikin gida guda sai ka tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin kakanni, uwa ɗaya uba ɗaya, suna noma gona guda. A wuri irin wannan, kalmar da mutum ya kira addinin ɗan'uwansa da ita ba ƙaramin abu ba ce, gama tana iya raba zumunci, ta hana aure, ta sa a ƙi cin abincin juna.

Tambayar da za mu duba a wannan takarda ita ce: gicciye da surori da carbi da sauran kayan da a ke gani a hannun Kirista, bautar gumaka ce ko kuwa? Musulmi su kan yi wannan tambaya, amma Kirista ma su kan yi wa junansu ita, har da zafi fiye da na Musulmi. Ba nufinmu ba ne mu yanke wa wani addini hukunci. Nufinmu shi ne mu bayyana abin da kowane ɓangare ya ce, da dalilinsa, sa'an nan mu nuna inda harshen Hausa kansa ya ke ƙara rikita maganar.

Ma'anar Kalmomi

Dole mu fara da kalmomi, domin rabin gardamar a cikinsu ta ke. Bahaushe yana da mutum-mutumi, watau abin da aka sassaƙa ko aka gina da siffar mutum, ko da kuwa na korar tsuntsaye ne a gonar gero. Yana da sura da hoto. Waɗannan duk sunayen abu ne kawai, ba su faɗi abin da a ke yi da shi ba. Gunki kuwa daban ya ke. Wanda ya ce gunki ya riga ya yanke hukunci cewa abin nan ana bauta masa, ana yi masa yanka, ana tsoronsa. Saboda haka wanda ya shiga majami'a ya fito ya ce ya ga gumaka, ya amsa tambayar tun ba a yi ta ba.

Haka kuma kalmar bauta. Tushenta ɗaya da bawa, kamar yadda ibada da abdu su ke a Larabci, kuma a bakin masu addini an keɓe ta ga Allah. Sujada kuwa, ga Musulmi sa goshi ƙasa ne a cikin salla, ga Kirista masu jin Hausa ita ce sunan dukan ibadar ranar Lahadi. A gefe guda kuma akwai girmamawa da ladabi, irin wanda talaka ke yi sa'ad da ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban sarki. Jiki yana iya yin motsi iri ɗaya wajen bauta da wajen ladabi. To, a nan wahalar ta ke, gama ido yana ganin gwiwa ta taɓa ƙasa, amma ba ya ganin abin da zuciya ta ƙudurta.

Abin Da Addinan Nan Suka Tarar A Zuru

Kafin Musulunci da Kiristanci su yaɗu, Lelna sun san Allah Maɗaukaki, suna kiransa Asila. Suna da al'amarin M'gila, wanda Hausawa ke kira Magiro, wanda a ke ɓoye asirinsa ga mata da yara. Suna da wuraren tsafi irin Girmace, kurmi mai ruwa da kadoji a Zuru. Suna kuma da wata sana'a wadda ta sa sunansu ya kai nesa, watau tukwanen kabari. Mata ne ke gina su da yumɓu, waɗansu da siffar dabba, waɗansu da ta mutum, a ɗora a kan kabarin wanda ya yi suna, kamar gwanin kokawa, ko babban maharbi, ko manomi na ƙwarai, ko shugaba. P. G. Harris ya rubuta labarin mutanen nan a 1938, R. T. D. Fitzgerald kuma ya yi rubutu a kan tukwanen a 1944, yau kuwa da yawansu suna gidajen adana kayan tarihi a Turai da Amurka.

Tukwanen nan da kansu sun isa misali. Siffar da ke kan kabari tana gaya wa mai wucewa matsayin wanda ke kwance a ƙasa, ta wannan fuska alama ce. Amma kabarin wuri ne da dangi ke zuwa da giya da abinci domin kakanni, ta wannan fuska kuwa ya shiga sha'anin ibada. Mutumin da ya tashi yana ganin haka, ya bar shi ya shiga sabon addini, ba mamaki in gabansa ya faɗi ran da ya ga an kunna kyandir a gaban wata sura a cikin ɗakin ibada. Tambayarsa ta fito ne daga abin da ya sani tun yana yaro, ba daga littafi ba.

Majami'u Iri Biyu

Mishan ta farko da ta zauna a Zuru ita ce United Missionary Society, wadda ta buɗe tasharta a 1925, daga cikinta ne kuma ikilisiyar UMCA ta fito. Mutanenta daga Amurka da Kanada su ke, tushensu kuwa Menonawa ne. Su Menonawa zuriyar wata ƙungiya ce da ta taso a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525, shekara guda bayan an kwashe surori duka daga majami'un birnin. Ke nan shekara 400 daidai bayan wancan, jikokinsu suka iso Zuru da ɗakin ibada wanda ba kome a cikinsa sai benci da mumbari da Littafi Mai Tsarki. Haka ECWA da Baftis su ke. In an ga gicciye a wurinsu, sanda biyu ne a gicce, babu siffar mutum a kai.

Katolika sun zo daga baya. Majami'unsu na ƙasar Zuru suna ƙarƙashin Kwantagora, wadda aka yanka ta zama yankin ikilisiya mai zaman kansa a 1995, ta zama cikakkiyar dayosis a 2020. Wanda ya shiga majami'arsu zai ga gicciye da siffar Almasihu a kai, da surar Maryamu, da hotuna goma sha huɗu a jikin bango masu nuna tafiya zuwa wurin gicciyewa, da ruwa mai tsarki a bakin ƙofa, da carbi a hannun tsofaffi. Ran Jumma'a Mai Kyau kuwa jama'a su kan taho ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su sumbaci gicciye. Ɓangarorin nan biyu littafi ɗaya su ke karantawa, da Hausa ɗaya. Me ya raba su?

Abin Da Littafinsu Ya Ce

Masu ƙin surori suna kafa hujja da Fitowa 20:4-5, inda aka hana a ƙera siffar wani abu na sama ko na ƙasa ko na ruwa, aka kuma hana a rusuna masa ko a bauta masa. A wurinsu magana ta ƙare a nan. Masu yarda da surori kuwa su kan ce a ci gaba da karatu, gama a sura ta 25 ta wannan littafi an umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a bisa akwatin alkawari, a Littafin Ƙidaya 21 kuma an umarce shi ya yi maciji na tagulla ya ɗora a kan sanda. In ƙera siffa haram ne ko ta yaya, in ji su, da ba a ba da wannan umarni ba. Ashe abin da aka hana shi ne a ƙera domin a bauta.

Ko ƙirgan dokokin goma ma sun bambanta. Katolika da mabiyan Luta sun bi ƙirgan Agustin, suka haɗa hanin waɗansu alloli da hanin siffofi a doka ta fari. Mabiyan Kalbin da Kiristan Gabas suka mai da hanin siffofi doka ta biyu mai zaman kanta. Daga nan ne zargin nan ya fito da a kan ji, wai Katolika sun share doka guda. A cikin Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsu ayoyin suna nan daram, a taƙaitaccen katekisim na yara ne a kan gajarce su.

Macijin tagulla yana da ƙarshen labari wanda ɓangarorin biyu ke ja. A 2 Sarakuna 18:4 an ce Sarki Hezekiya, wajen shekara 700 kafin Almasihu, ya farfashe shi domin mutane sun shiga ƙona masa turare. Wannan ya nuna abu zai iya farawa da umarnin Allah ya ƙare a gunki. Masu ƙi suka ce, tun da haka ne gara kada a fara. Masu yarda suka ce, laifin na turaren ne, ba na tagullar ba.

Yadda Kiristan Dā Suka Yi Da Maganar

Wajen shekara ta 600 wani bishop na Marsai a ƙasar Faransa ta yanzu, mai suna Serenus, ya farfasa hotunan majami'a. Fafaroma Giregori Babba ya rubuta masa, ya yaba masa da ya hana a bauta musu, ya kuma zarge shi da ya fasa su, domin a ganinsa hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba.

Babbar fitina ta tashi ne a daular Rumawan Gabas, wajen 726 zuwa 730, sa'ad da Sarki Liyo na Uku ya juya wa hotuna baya. Ɗansa Kustantin na Biyar ya tara bishop-bishop a 754 suka haramta su. Wani abin mamaki shi ne, wanda ya fi kowa kāre hotunan, watau Yahaya na Dimashƙu, a ƙarƙashin mulkin Musulmi ya ke zaune, gidansu ma'aikatan halifofin Banu Umayya ne, saboda haka hannun sarkin Rum bai kai gare shi ba. Hujjarsa ita ce, dā ba a zana Allah domin ba a ganinsa, amma bisa ga imanin Kirista ya bayyana cikin jiki, abin da ido ya gani kuwa hannu yana iya zanawa.

A 787 aka yi taro na biyu a Nikiya, aka tsai da ƙa'idar da Katolika da Kiristan Gabas ke bi har yanzu. Suka ce akwai bauta ta gaskiya, wadda a Helenanci a ke kira latiriya, ta Allah ce shi kaɗai. Akwai kuma rusunawa ta girmamawa, wadda a ke yi wa gicciye da littafin Linjila da hotuna, girman kuwa yana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana. Fitina ta sāke tashi a 815, ba ta kwanta ba sai 843. Bahaushe zai gane wannan ƙa'ida in ya tuna da sandan sarki. In sarki ya aiko wakili da sandansa, a kan miƙe a ba shi wuri, ba kuwa wanda ya ce itacen ne ke sarauta.

Malaman Turai na baya suka kira girman da a ke ba tsarkaka duliya. A nan mai fassara zuwa Hausa ya kan yi tuntuɓe, gama asalin duliya a Helenanci shi ne hidimar bawa, wanda in an juya shi kai tsaye sai ya fito bauta, ita ce kuwa kalmar da Hausa ta keɓe wa Allah. Wanda ya fassara haka ya sa wa Katolika a baki abin da su ke musu.

A ƙarni na 16 masu gyaran ikilisiya suka ƙi wannan rarrabewa. An fasa surori a Witenbag a 1522, an kwashe na Zurik a 1524, an yi babbar farfasawa a ƙasar Holan a 1566. Luta kansa bai goyi bayan fasawa ba, ya ce a fid da gunki daga zuciya tukuna. Kalbin kuwa ya ce halin ɗan Adam ne ya ƙera wa kansa abin bauta, bambancin latiriya da duliya kuwa yana takarda ne kawai, talaka mai durƙuso bai san da shi ba. Katolika suka amsa a taron Tirento a 1563, suka ce a riƙe surori, amma kada kowa ya yi zaton akwai wani iko ko allahntaka a cikinsu, ko ya roƙe su, ko ya dogara gare su. A 1963 taron Batikan na biyu ya ƙara da cewa kada a cika majami'a da su.

Abu guda ya fita daga wannan lissafi, shi ne gurasar jibin Ubangiji. Ita Katolika suna yi mata cikakkiyar bauta, ba su ɓoye ba, domin sun gaskata bayan keɓewa ta zama Almasihu kansa. Wanda bai yarda da haka ba zai ga kuskure babba, amma gardamar a nan a kan abin da gurasar ta zama ne, ba a kan sura ba.

Yadda Musulmi Ke Kallon Al'amarin

Musulunci ya tsananta a kan siffofi. An kakkarya gumakan Ka'aba a shekarar buɗe Makka, watau 630, hadisai kuma sun yi gargaɗi a kan masu gina masallaci bisa kabarin salihai su zana surorinsu. Suratuz Zumar aya ta 3 ta ambaci uzurin masu shirka cewa suna neman kusanci ne ga Allah, ta ƙi shi. Saboda haka malami Musulmi ba lalle ne ya gamsu da hujjar Nikiya ba. Gicciye kuma alama ce ta abin da Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce bai faru ba.

Duk da haka shari'a ba ta sa Kirista a layi ɗaya da masu bautar gumaka ba. Ta kira su Ahlul Kitabi. Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta abincinsu da auren matansu, alhali Suratul Baƙara aya ta 221 ta hana auren mushrikai. Malaman fiƙihu da suka tsara waɗannan hukunce-hukunce a Sham da Masar da Andalus suna ganin gicciye da hotunan majami'u, ba su kuwa soke sunan ba. Ga mutanen Zuru wannan ba maganar makaranta ba ce, maganar tuwon biki ce da naman suna.

Musulmin ƙasar Hausa ma sun yi irin wannan gardama a tsakaninsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi suka a kan girmama itatuwa da duwatsu, da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Shehu Aminu Alkanemi na Barno ya rubuto cewa irin waɗannan ayyuka saɓo ne, ba su kai kafirci ba, har ya ba da misali da wata itaciya a Dimyaɗ ta Masar wadda jahilai ke girmamawa, malaman garin kuwa ba su kafirta su ba. Muhammadu Bello ya amsa masa, ya sa wasiƙun a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Tun kafa Izala a Jos a 1978 kuma an yi ta muhawara a kan ziyarar kabarin waliyyai da rataya hotunan shehunai.

Tarihin Kano yana da labarin da ya yi kama da na macijin tagulla. Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, aka riƙa yanka masa shanu, har zamanin Sarki Alwali, wanda ya sa aka sare shi da gatari aka tarar da littafin a ciki. Ashe ko abin da ba shi da siffar mutum ko ta dabba yana iya zama tsafi, in zukatan mutane suka karkata.

Inda Maganar Ta Tsaya

Daga abin da ya gabata za mu iya tsai da abu uku. Na fari, bisa ga koyarwa babu ikilisiyar da ta ce itace ko siminti Allah ne, waɗanda suka fi yawan surori ma su ne suka rubuta hanin dogara gare su. Na biyu, saɓanin da ke tsakanin mutumin UMCA da ɗan'uwansa Katolika saɓani ne na gaske a kan fassarar doka guda, ya kuma haura shekara dubu, ba a Zuru aka fara shi ba. Na uku, koyarwa daban, aiki daban. Mutum yana iya rataya carbi a wuya da irin niyyar da kakansa ya rataya laya, kamar yadda wani a majami'ar da ba ta da sura ko ɗaya ya ke sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin kai domin korar mayu, ko ya dogara ga kwalbar mai da aka yi wa addu'a.

Wanda ya ke so ya san ko abu ya tashi daga alama ya koma gunki, sai ya yi tambaya uku. Wa a ke roƙo, abin ne ko wanda ya ke nunawa? In abin ya fashe ko ya ɓace, mai shi yana jin kāriyarsa ta tafi, ko kuwa ya sayi wani ya ci gaba da addu'arsa? Ana yi masa yanka ko a ba shi abinci? Waɗannan tambayoyi suna aiki a kan gicciye, suna aiki a kan laya, suna aiki a kan tukunyar kabari, amsarsu kuwa a bakin mai abin ta ke, ba a idon mai kallo ba.

Ga masu rubutu da fassara da koyar da Hausa, shawararmu ita ce a kira abu da sunansa, a ce sura ko mutum-mutumi ko gicciye, a ce girmamawa inda masu abin suka ce girmamawa. Mai wa'azi yana da ikon ya ce a bisa addininsa wannan aiki kuskure ne, ya kawo hujjarsa. Amma mai ba da bayani, in ya rubuta gunki, ya kamata ya san cewa ya bar bayani ya shiga hukunci, hukuncin kuwa a ƙasar Zuru yana iya faɗawa a kan wan mai karatu ko kan uwarsa.